Haɗa magani da hannu: asalin aikin masanin magunguna da inda ya kwana a yau

Tambaya: An ce a da mai kantin magani shi da kansa yake haɗa maganin da likita ya rubuta, amma ni ban taɓa ganin ya yi wani abu ba ban da ɗauko kwali daga kanta ya miƙa wa mutum. Mene ne ainihin wancan aiki na da, me ya sa ya ja baya, kuma shin maganin da aka haɗa da hannu ya fi na kamfani kyau?

Amsa: Malam mai tambaya, abin da aka faɗa maka gaskiya ne, kuma abin da idonka ya gani shi ma gaskiya ne. Na shafe shekaru ina aiki a sashen magunguna na asibiti, inda har yanzu ake auna gari a sikeli ana niƙa ƙwaya a ƙaramin turmi, don haka zan amsa maka daga abin da na karanta da kuma abin da hannuna ya taɓa. Haɗa magani shi ne asalin sana'armu. Ya ja baya ne domin an samu hanyar da ta fi shi inganci ga mafi yawan marasa lafiya, amma bai mutu ba, saboda kullum ana samun majiyyacin da babu kamfanin da ya yi magani daidai da buƙatarsa.

Ya kamata a fara fayyace abin da ake nufi, domin kalmar tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya a bakin mutane. A wurin masu sana'ar, haɗa magani shi ne masanin magunguna ya ɗauki sinadarin da ke warkarwa, ko garinsa tsantsa ko ƙwayar da kamfani ya riga ya buga, ya auna shi, ya gauraya shi da abin da zai ɗauke shi, ya fitar da wani nau'i ko wani ƙarfi na maganin da babu shi a kasuwa, domin majiyyaci guda sananne, bisa takardar da likita ya rubuta. Waɗannan sharuɗɗa, wato majiyyaci sananne da takardar likita da rashin makamancin maganin a kasuwa, su ne suka raba wannan aiki da aikin masana'anta, wadda take buga miliyoyin ƙwayoyi iri ɗaya ba tare da ta san wanda zai sha ba. Su ne kuma suka raba shi da tattara ƙwayoyi daban-daban a miƙa wa mutum babu awo babu takardar likita, wanda ganganci ne da rayukan jama'a ko da wane suna aka kira shi.

Tun da ɗan Adam ya iya rubutu yake rubuta yadda ake haɗa magani. Akwai wata takarda ta tsohuwar Masar da aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, mai ɗauke da ɗaruruwan haɗe-haɗe na sha da na shafawa da na ɗigawa a ido. A ƙarni na 1 likitan nan Bagirke Diyoskoridis ya bayyana tsirrai kusan 600 da amfaninsu, a ƙarni na 2 kuma wani likitan Bagirke, Jalinusu, ya tsara hanyoyin haɗa su, har sunansa ya zama sunan da Turawa suke kiran magungunan da aka haɗa daga tsirrai. Sai dai a duk wannan zamani, galibi mutum ɗaya ne yake duba mara lafiya kuma ya haɗa masa magani.

Inda sana'ar ta tsaya da ƙafarta shi ne Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, tsakanin ƙarni na 8 da na 9. A can aka samu kantunan magani masu zaman kansu, da mutanen da ake kira saidalani, waɗanda ba su da wani aiki sai sanin magunguna da adana su da haɗa su bisa abin da likita ya rubuta. Muhtasibi, wato jami'in da ke sa ido a kan kasuwa, yana da ikon shiga kantin ya duba ma'auni, ya bincika ko an yi algus a cikin kayan. Sabur bin Sahal, likitan birnin Jundishafur na ƙasar Farisa wanda ya rasu a 869, ya rubuta kundin haɗe-haɗe da aka daɗe ana aiki da shi a asibitoci da kantuna. Al-Biruni a ƙarni na 11 ya yi littafi sukutum a kan wannan ilimi, ya kuma bayyana shi a matsayin fanni dabam da likitanci. Ibn Baiɗar, haifaffen Malaga a Andalus wanda ya rasu a 1248, ya tattara bayanin magunguna kimanin 1,400. Su ne suka yawaita amfani da sukari wajen ɓoye ɗacin magani, kuma kalmar sirop da ake kiran maganin ruwa mai zaƙi da ita daga kalmar Larabci sharab ta samo asali.

A Turai, wajen shekara ta 1240, Sarki Firedirik na 2 ya kafa doka a masarautarsa ta Sisili da kudancin Italiya wadda ta raba aikin likita da na mai haɗa magani, ta hana likita ya mallaki kantin magani ko ya yi tarayya da mai shi, ta kuma wajabta wa masu haɗawa yin rantsuwa cewa za su bi ƙa'ida. Ina ganin hikimar wannan doka har yau ba ta tsufa ba. Wanda ya rubuta magani ba shi ne zai ci ribar sayar da shi ba, don haka ba shi da dalilin rubuta abin da ba a buƙata, sannan kowace takarda sai ta bi ta hannun mutum na biyu mai ilimi kafin ta zama abin da za a haɗiye. Daga baya aka lura cewa magani mai suna ɗaya yana fitowa da ƙarfi daban-daban daga kanti zuwa kanti, sai hukumomi suka fara fitar da kundin ƙa'idar magunguna wanda kowa zai bi: Fulorans ta Italiya a 1498, Landan a 1618, Amurka a 1820, sannan na Birtaniya baki ɗaya a 1864.

To, yaya aikin yake a aikace? Takardar likita ta wancan lokaci umarni ce ta yadda za a yi maganin, ba sunan wani kwali ba. Harafin R mai ƙetare a ƙafa da har yanzu ake gani a saman takardun likitoci gajartawa ce ta kalmar Latin mai ma'anar "ɗauki". Likita zai jera sinadarai da nauyin kowanne, sannan ya rufe da cewa a haɗa "bisa ƙa'idar sana'a", wato ya bar wa mai haɗawa sanin wanne za a fara sawa, wanne za a narkar, wanne za a dafa, wanne kuma ba ya son zafi. Daga nan mai haɗawa zai kwaɓa gari ya murza shi ya yanka ƙwayoyi masu girma ɗaya, ko ya kasa gari kashi-kashi ya naɗe kowane kashi a takarda, ko ya jiƙa saiwa da ɓawo na kwanaki ya tace, ko ya narkar da man koko ya zuba a mazubi domin maganin da ake cusawa ta dubura, ko ya murje gari cikin mai a kan faranti har sai yatsa ya daina jin tsakuwa-tsakuwa a ciki.

Mutane suna ganin turmi da taɓarya a matsayin alamar sana'ar, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar tana cikin awo da gaurayawa. Tsohon sikelin kantin magani mai faranti biyu ba ya jin abin da bai kai miligiram 6 ba, saboda haka ƙa'ida ta hana a auna abin da ya gaza miligiram 120 a kansa, domin kada kuskure ya wuce kashi 5 cikin 100. Idan likita ya buƙaci miligiram 10 na wani magani mai ƙarfi, sai a auna miligiram 120 na maganin, a gauraya shi da miligiram 1,320 na wani gari marar aiki a jiki, jimla ta zama 1,440, sannan a ɗebi miligiram 120 daga wannan gaurayen, wanda a cikinsa ne miligiram 10 da ake nema suke. Wannan lissafi ba zai yi amfani ba sai idan gaurayawar ta yi daidai ta yadda duk inda aka ɗiba ƙarfinsa ɗaya. Shi ya sa ba a zuba ƙaramin abu cikin babba a juya. Idan za a sa giram 1 na magani cikin giram 99 na man shafawa, ana fara haɗa giram 1 da giram 1, idan sun zama abu ɗaya a ƙara 2, sannan 4, sannan 8, ana ninkawa har a kai ƙarshe. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake wannan mataki zai fitar da kwalba wadda wani ɓangarenta babu magani, wani ɓangaren kuma yana ƙona fata, alhali a ido duk ɗaya suke. A kan wannan aka ɗora sanin abubuwan da ba sa jituwa, kamar gishirin da ke sa wani sinadari ya kwanta a gindin kwalba, ta yadda cokalin ƙarshe zai ɗauki abin da ya kamata a sha a kwana uku.

Abin lura shi ne, masu haɗa magani su da kansu suka buɗe ƙofar da aikin ya fita daga hannunsu. Matsalar tsirrai ita ce ƙarfinsu yana canzawa da ƙasar da suka fito da lokacin da aka cire su, don haka masu sana'ar suka dage wajen fitar da ainihin sinadarin da ke aiki. Wajen 1804 wani matashi ma'aikacin kantin magani a Jamus mai suna Satuna ya fitar da mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, daga ofiyom, wato ƙaron wani tsiro. A 1820 wasu masana magunguna biyu a Faris, Peletiye da Kabantu, suka fitar da kwinin daga ɓawon itacen sinkona, wanda ya zama maganin zazzaɓin cizon sauro na tsawon zamani. Da aka samu sinadari tsantsa, sai ya zama ya fi sauƙi a yi shi da yawa a wuri ɗaya. Kamfanin Merck ya faro ne daga wani kantin magani a garin Damstat na Jamus da iyalin Merck suka mallaka tun 1668, kuma a 1827 suka fara yin irin waɗannan sinadarai don sayar wa wasu kantuna. A 1843 aka yi rajistar na'urar matse gari ya zama ƙwaya a Ingila. Da insulin ya zo a farkon shekarun 1920, penisilin kuma a shekarun 1940, an shiga zamanin magungunan da babu yadda za a yi su a bayan kanti. A farkon ƙarni na 20 mafi yawan takardun likita suna buƙatar haɗawa, amma kafin ƙarnin ya ƙare abin ya koma ɗan kaɗan ƙwarai a ƙasashen da masana'antu suka kafu.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin asara ba, kuma ba na goyon bayan masu kewar zamanin da ya wuce. Ƙwayar da kamfani mai bin ƙa'ida ya buga an gwada ta kafin a ba ta izini, an tabbatar kowace ƙwaya tana ɗauke da adadi ɗaya, an auna saurin narkewarta a ciki, an ajiye ta a zafi da laima an ga tsawon lokacin da za ta jure, kuma tana da lambar da za a bi a janye ta daga kasuwa idan an gano matsala. Babu mai haɗa magani, komai ƙwarewarsa, da zai iya yi wa kwalba ɗaya duk waɗannan gwaje-gwaje.

Amma masana'anta tana yi wa mafi rinjaye aiki ne, kuma mafi rinjaye manya ne masu iya haɗiye ƙwaya. Wanda aka fi barin baya shi ne yaro. A ɗauki jariri mai nauyin kilo 4 da ke fama da ciwon zuciya, likita ya rubuta masa sifironolakton, maganin da ke rage ruwan da ya taru a jiki, miligiram 1 a kan kowane kilo, wato miligiram 4, alhali ƙwayar da ke hannu ta miligiram 25 ce. Babu wuƙar da za ta yanka wannan ƙwaya ta fitar da miligiram 4 daidai, kuma ko an yanka jariri ba zai haɗiye ba. Abin da masanin magunguna zai yi shi ne ya niƙa ƙwaya 20, wato miligiram 500, ya kwaɓa garin da ɗan ruwan da aka tanada don wannan aiki har ya yi sumul, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya cika mililita 100, sai kowace mililita ta ɗauki miligiram 5, jaririn kuma ya sha mililita 0.8. Lissafin yana da sauƙi a takarda, amma ɗigon da ke tsakanin lambobi idan ya kauce daga wurinsa zai mayar da 0.8 ya zama 8, wato ninki 10, shi ya sa a wurin da ake aiki da tsari mutum biyu ne suke duba lissafi kafin a fara, kuma ana rubuta sunan kowane sinadari da lambarsa da nauyin da aka auna a kundin ajiya. Na sha ganin yadda fuskar uwa take saki idan aka miƙa mata irin wannan kwalba bayan ta zagaya ba ta samu abin da jaririnta zai iya sha ba, kuma a irin wannan lokaci ne nake tuna dalilin da ya sa ake koyar da wannan darasi a jami'a har yau.

Zaɓen ruwan da za a kwaɓa maganin da shi ma ilimi ne mai zaman kansa. Hantar jariri ba ta gama ƙwari ba, don haka abin da babba zai sha lafiya yana iya taruwa a jikinsa. A 1982 an samu rahotannin mutuwar jarirai bakwaini a Amurka sakamakon wani sinadarin hana lalacewa mai suna benzil alkohol da ke cikin ruwan da ake wanke musu hanyar allura da shi. Sannan ba kowace ƙwaya ake niƙawa ba. Wasu an ƙera su ne su riƙa sakin magani a hankali cikin awa 12 ko 24, idan aka niƙa su sai duk adadin ya shiga jini lokaci ɗaya. Wasu kuma an lulluɓe su ne don kada ruwan ciki mai tsami ya lalata su, kamar omefurazol, maganin gyambon ciki, wanda idan za a mayar da shi na ruwa sai an haɗa shi da sodiyom bayikabonet domin ya kare shi. Sanin abin da ba za a taɓa ba rabin sana'ar ne.

Ban da yara, akwai tsoho ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana haɗiya, ana ba shi abinci ta roba. Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar launi ko wani abin cikawa da kamfani ya sa a ƙwaya, sai a yi masa kafso da babu wannan abu. Likitocin fata har yanzu suna rubuta man shafawa da ƙarfin da suke so, likitocin ido kuma suna neman maganin ɗigawa mai ƙarfi fiye da na kasuwa idan gyambo ya kama baƙin ido. Likitan dabbobi yana duba halittu daga tsuntsu har zuwa doki, kuma babu kamfanin da zai yi wa kowanne nasa awo.

Akwai kuma lokacin da magani ya yanke. A annobar murar 2009 maganin ruwa na oseltamibir na yara ya yi ƙaranci, sai hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da bayanin yadda masana magunguna za su buɗe kafson manya su haɗa na yara. A 2020 da korona ta zo, sassan magunguna na asibitoci da yawa sun koma haɗa ruwan tsaftace hannu bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai ɗauke da etanol kashi 80 cikin 100, da gilisarin kashi 1.45, da haidurojin ferokzayid kashi 0.125. Misalin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na Yuganda, inda Dakta An Meriman ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a Kamfala a 1993, ta kuma dage sai an samar da mofin na sha ta hanyar narkar da garinsa a ruwa da ɗan sinadarin hana lalacewa, ana sa masa launi don a bambance mai ƙarfi da marar ƙarfi. Haɗi ne mai sauƙi da araha, amma ya sa dubban masu ciwon daji sun samu barci a ƙarshen rayuwarsu.

A manyan asibitoci aikin ya ma ƙaru, sai dai majiyyaci ba ya ganinsa. Abincin da ake ba bakwaini ta jijiya ana haɗa shi ne bisa nauyinsa da sakamakon gwajin jininsa. Maganin ciwon daji ana lissafa shi bisa tsawo da nauyin mutum, a haɗa shi a cikin akwati na musamman da ke kare ma'aikaci. Sinadarin teknishiyom da ake ɗaukar hoton cikin jiki da shi rabin ƙarfinsa yana tafiya cikin awa 6, don haka dole a shirya shi a ranar da za a yi amfani da shi. A wasu ƙasashe, kamar Jamus, doka ta wajabta wa kowane kantin magani ya mallaki ɗakin gwaji kuma ya iya haɗa abin da likita ya rubuta. A wasu wuraren kuma aikin ya tattara ne a asibitoci da wasu kantuna ƙalilan, wanda hakan zai iya zama dalilin da ya sa ba ka taɓa gani ba.

Yanzu ga sashe na ƙarshe na tambayarka, ko maganin da aka haɗa da hannu ya fi na kamfani. Bai fi ba. Idan akwai na kamfani mai rajista da ya dace da majiyyaci, shi ya kamata a ba shi, kuma masanin magunguna na ƙwarai zai faɗa maka haka ko da zai rasa ciniki. Maganin da aka haɗa babu hukumar da ta gwada shi kafin ya isa hannunka, duk ingancinsa ya rataya ne a wuyan mutumin da ya yi shi da kayan da ya saya da tsaftar ɗakin da ya yi aiki. Wa'adinsa ma gajere ne. A ƙa'idar Amurka, haɗin da ke da ruwa a ciki kuma babu sinadarin hana lalacewa ba ya wuce kwana 14 a firij, alhali na kamfani yana kai shekaru.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi sake. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin salfanilamaid a cikin dayetilin gilaikol don ya zama na ruwa, ba tare da an gwada ko guba ba ne, mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara, abin da ya haifar da dokar 1938 da ta wajabta tabbatar da rashin illa kafin a sayar da sabon magani. Wannan guba ɗin ta sake kashe mutane a Haiti a tsakiyar shekarun 1990 da Panama a 2006, inda ta shigo a cikin abin da aka sayar da sunan gilisarin. Darasin ga mai haɗa magani shi ne kada ya yarda da kowane sinadari sai daga hannun da aka sani kuma da takardar shaidar gwaji. Ɗaya daga cikin mafi muni a tarihin haɗa magani na zamani ya faru ne a 2012, lokacin da wata cibiya a jihar Masachuset mai suna New England Compounding Center ta rarraba dubban kwalaben allurar da ake yi a gadon baya, waɗanda funfuna ta gurɓata. Bisa ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, mutum 753 ne suka kamu a jihohi 20, da yawa da sanƙarau, 64 suka rasu. Cibiyar tana riƙe da lasisin kantin magani ne amma tana aiki irin na masana'anta, tana yin allurai da yawa ba tare da takardar kowane majiyyaci ba, kuma ba ta ƙarƙashin binciken da ake yi wa masana'anta. A 2013 majalisar Amurka ta yi dokar da ta raba mai haɗa wa majiyyaci guda da mai haɗawa da yawa don asibitoci, ta sa na biyun ƙarƙashin ƙa'idojin masana'antu. Allura da maganin ido su ne mafi haɗari, domin suna shiga inda jiki ba shi da kariya, kuma ba a halatta yin su sai a ɗakin da ake tace iskarsa.

Abin da ke damuna a yanzu shi ne yadda wasu suka mayar da kalmar "an haɗa maka naka na musamman" hanyar talla. Ana sayar wa mata da al'adarsu ta ɗauke haɗe-haɗen sinadaran jiki da cewa sun fi na kamfani dacewa, alhali wani babban kwamitin masana kimiyya na Amurka ya duba batun a 2020 ya ce babu isasshiyar hujja a kan haka, ya ba da shawarar a taƙaita su ga waɗanda ba za su iya amfani da masu rajista ba. Haka aka ga yaɗuwar allurar rage ƙiba da aka haɗa a wajen kamfani, har aka samu mutanen da suka yi wa kansu ninkin abin da aka rubuta saboda rikicewar awo. Duk haɗin da aka yi shi kafin a san wanda zai sha, sannan aka shiga neman masu saye, ya bar asalin abin da na bayyana maka a farko.

Idan wata rana likita ya rubuta maka ko ɗanka maganin da sai an haɗa, kada ka tsorata, amma ka yi tambaya. Ka tambayi dalilin da ya sa na kasuwa bai dace ba, ka tabbatar masanin magunguna mai lasisi ne ya yi shi ko ya sa ido a kai, ka duba cewa takardar da ke jikin kwalbar tana ɗauke da sunan majiyyaci da sunan maganin da ƙarfinsa da ranar da aka haɗa da ranar da za a daina amfani da shi da yadda za a ajiye shi. Idan an ce a girgiza, a girgiza sosai kowane lokaci, domin garin yana kwanciya. A auna da sirinjin baki da aka bayar, domin cokulan gida girmansu ba ɗaya ba ne. Idan launi ko wari ya canza, a mayar da shi a nuna. Abu mafi muhimmanci kuma, ka san adadin maganin a miligiram, kada ka tsaya ga mililita kaɗai, saboda wurare biyu suna iya haɗa magani ɗaya da ƙarfi daban. Jaririn da na ba da misali da shi yana shan mililita 0.8 ne daga kwalbar da ke da miligiram 5 a kowace mililita. Idan wata mai zuwa aka karɓo masa a wani wuri inda suke yin miligiram 1 a kowace mililita, miligiram 4 ɗin nan nasa sun koma mililita 4, kuma uwar da ta ci gaba da ba shi 0.8 tana ba shi kashi 1 cikin 5 ne kawai na abin da likita ya rubuta. Don haka duk lokacin da aka karɓi sabuwar kwalba, a kwatanta ta da tsohuwar a gaban masanin magunguna kafin a bar wurin.